Goggon da Ta Fito da Tatsa Ƙofar Gida

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, wannan ba mai musu a kai. Abin da nake musu a kai shi ne maganar da na ji tana yawo a kan tabarmi ranar da muka zauna makokin Goggo. Saboda ita na ɗauki alƙalami, ni da sana'ata awon hatsi ce a kasuwar Birnin Kudu, ba rubutu ba.

Goggo yayar mahaifina ce. Da mahaifina ya rasu ina ƙarami, ita ta ɗauke ni ta kai ni gidanta a Dingaya, ta riƙe ni har na yi gemu. Ta rasu bana bayan an gama zuba dawa a rumbu, da shekarun da ba wanda ya san adadinsu, don ita ma ba ta taɓa damuwa da su ba. Ta bar 'ya ɗaya da ke aure a Kano, ta bar ƙaninta Baffa, ta bar ni, ta kuma bar shanu.

Jama'a sun zo. Maza suka cika ƙofar gida har inuwar darbejiya ta kasa ɗaukar su. Mata kuwa daga Maruta, daga Gwaram, wasu har daga Wurno suka yo hayar mota, abin da ba a saba gani ba a mutuwar tsohuwar da ba matar mai sarauta ba, ba uwar ɗan siyasa ba. Kowa ya durƙusa ya ce, “Ya haƙuri? Allah Ya jiƙanta,” mu ce amin. Amma in an shafa aka gyara zama, sai wata magana ta biyo baya ƙasa-ƙasa. Wani dattijo ya ce, “Mace ce mai alheri, sai dai ba ta jin magana.” Na kusa da shi ya karɓe, “Ai an gaya mata ta daina baje sirrin shanunta a titi. Baki ne ya kama ta, ba komai ba.” Raina ya ɓaci. Tsohuwar da ta binne duk sa'o'inta, a ce baki ne ya kashe ta? Da baki na kisa, da nata ya gama da rabin garin tun tuni.

Akwai kuma wani dillalin shanu da ya zo gaisuwa. Ya yi addu'a mai tsawo, hannuwansa a sama, idonsa a turke. Da ya tashi tafiya ya raɗa wa Baffa, “Wancan ɗan bijimin fa?” Baffa ya ce, “Bari a yi arba'in. In an raba gado, kasuwar kara zai tafi.”

Bijimin da suke magana a kai shi ne Gajere. Goggo ta bar wasiyya a kansa, a gabana da gaban Baffa, cewa kada a sayar da shi, kada a yanka shi, kada a dandaƙe shi, na shanun matan gari ne. Mu biyu muka ji. Tun daga ranar jana'iza har zuwa arba'in, Baffa bai ce ya ji ba, bai ce bai ji ba. Wanda bai san labarin ba zai ce wane irin bijimi ne wannan da za a ɓata zumunci a kansa, don haka sai na koma baya.

Shanun Goggo daga saniya ɗaya suka fara, wadda ta gada daga mahaifiyarta, Bafulatanar da ta auri manomi ta zauna a gari. Farare ne masu baƙin hanci, irin namu na nan da ake kira bunaji. Ba su taɓa yin yawan da za a kira su garke ba, amma ba wanda ya taɓa ganin haƙarƙarinsu a waje, ko a tsakiyar bazara. Goggo ba ta da tattausan harshe ga mutum. Ga saniya kuwa sai ka ji tana lallashi kamar mai goyo. Ni da ta raina ban taɓa jin ta ce mini sannu da muryar da take ce wa saniya mai ciki ba, kuma na daɗe da yafe mata.

Maganarta ɗaya ce: “Auna mu gani.” In ka ce gonarka ta yi kyau bana, auna mu gani. In mai maganin dabbobi ya zo yana rantsuwa a kan kwalbarsa, auna mu gani. Ranar da na gaya mata zan fara sayar da hatsi, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “To, aƙalla ka zaɓi sana'ar da ƙarya ba ta da wurin ɓuya.” Ba ta san 'yan kasuwa ba, Allah sarki.

Rigimarta da Baffa ta girme ni. Baffa manomi ne kuma gwanin kiwon turke. In ya ɗaure sa ya zuba masa dusa da harawa, kafin Babbar Sallah sai ka rantse ba shi ba ne. Kuma yadda garinmu ya saba, duk maraƙin da ya fi girma da kyau, ɗayan biyu ne: a dandaƙe shi a ɗaura masa garma, ko a turke shi a sayar. Ƙanjamammen da ba mai so, shi ake bari yana yawo cikin shanu yana barbara. Wannan ne ke tayar wa Goggo da hankali. “Kun loda na kirki a mota,” in ji ta, “kun bar mana ragowa suna haifa mana jikoki, sannan ku zauna a majalisa kuna cewa shanun yanzu ba kamar na da ba.” Baffa kuwa ya ce, “Yaya, da me zan sayi taki? Da kyawun jikokin saniya?” Tsakani da Allah shi ma yana da tasa hujjar, amma ban taɓa yin gangancin faɗin haka a gabanta ba.

'Yan shekarun baya wata mota ta tsaya a ƙofar gidan mai unguwa. Masu binciken dabbobi ne daga wata jami'a, shugabarsu mace, Bahaushiya, ba ta wuce sa'ar 'yar Goggo ba. Likita muke ce mata. Na zo gida a makon, don haka da kunnena na ji bayaninta a gindin tsamiya.

Ta ce, “Kowace dabba tana ɗauke da abin da ta gada daga uwa da uba a cikin ƙwayoyin halittarta, har a saiwar gashi akwai shi. Akwai na'urar da ke karanta shi. Amma na'urar ba ta san ma'anar abin da ta karanta ba sai an nuna mata shanu da yawa an ce, wannan ga nonon da take bayarwa, wannan ga yadda take jure rani, wannan kaska ba ta kayar da ita. In ta ga isassu, sai a tsinko gashin maraƙi tun yana shan nono, lissafi ya ce ya gaji abin kirki ko bai gada ba. Ba sai an jira ya girma, ya yi barbara, 'ya'yansa mata sun haihu an tatsa ba.”

Wani da ya taɓa zama a Kano ya ce ai Turawa sun gama wannan aikin, a ɗauko nasu mana a huta. Likita ta ce nasu a kan shanunsu aka gina shi, masu baƙi da fari, masu kwana a rumfa suna cin abincin da aka auna musu. Lissafinsu bai san bunaji ba, bai san zafin Gwaram ba. Namu shanun kuwa kusan ba wanda ya taɓa auna su. Abin da ta zo roƙo shi ne a bar ta ta tsinki gashin jela, ta maƙala lamba a kunne, ta kuma ba kowace mai tatsa moɗar roba mai zane-zane, a riƙa auna nono ana gaya wa ma'aikacinta in ya zagayo.

Gashin jela! Kowa ya san abin da ake cewa ana yi da gashin jela a wurin boka. Tsofaffi kuma da suka ji zancen lamba a kunne, jangali suka tuna. Daga bayan taro, inda mata suka tsaya, sai muryar Goggo: “Ke 'yar nan, in kin karanta gashin, wa za ki gaya wa?” Likita ta ce, “Ku zan gaya wa, Inna.” Goggo ta ce ta zo gidanta ta fara. Da aka ga shanunta sun kwana sun tashi ba su bi kowa ba, sai wasu ma suka yarda.

A nan muka tafka kuskuren da ba na jin akwai wanda zai yi shi in ba mu ba. A wurinmu ba a faɗin nonon saniya. In saniyarki ta cika ƙwarya, ki rufe da faifai ki shige ɗaki, in an tambaye ki ki ce, “Ana dai lallaɓawa.” Tsoron kambun baka ne, da shi aka haife mu. To da ma'aikacin Likita ya fara zagayowa, duk matar da ke da saniyar kirki sai ta rage rabi ta faɗi rabi. Wadda tata ba ta da komai kuwa, kunya ta sa ta yi mata ƙari. Wasu ma ranar tsinkar gashi suka kai ta kirkin bayan danga suka ɓoye, suka fito da ragowar. Ba wanda ya haɗa baki da wani, kowace ta yi abin da uwarta ta koya mata ne. Goggo ma haka ta yi.

Bayan damina biyu Likita ta dawo gindin tsamiya, fuskarta ba walwala. Ta ce lissafi ya fito, kuma bisa abin da aka ba shi, saniyar da ta fi kowace a Dingaya ita ce ta wata maƙwabciyarmu da muke kira Inna. Saniyar nan ko kyanwa ba ta ƙoshi da nononta, kowa ya sani. Mata suka fashe da dariya. Goggo ta yi dariya har tana share hawaye da bakin mayafi. Likita ta jira suka gama, sannan ta ce, “Na'ura ba ta ƙarya, kuma ba ta gane ƙarya. Abin da kuka zuba mata shi ta dafa muku.” Ta ce aikin ya lalace, kuma waɗanda suka turo ta suna maganar a ɗauke shi a kai wani wuri.

Muka kama hanyar gida ni da Goggo. Sai da muka shiga zaure ta tsaya ta ce mini, “Yarinyar nan ta baro gidanta ta zo ta tambaye mu gaskiya, muka yi mata abin da ake yi wa mai karɓar haraji. Har da ni.”

Washegari da hantsi ta kwance babbar saniyarta, wadda muke kira Sarauniya, ta ja ta har ƙofar gida, daidai hanyar da mata ke bi zuwa rijiya. Ta ajiye kujerarta 'yar tsugunno, ta yi bisimilla, ta tatse ta tas a idon jama'a. Ta juye a moɗa, ta ɗaga ta sama ta duba zanen, ta faɗi inda ya kai da muryar da ta isa masallaci. Masu wucewa suka rasa inda za su sa idonsu, kowa sai “tubarkalla, tubarkalla” yake yi yana ƙara sauri. Baffa ya iso ko hula bai sa ba. Ya ce, “Yaya, lafiyarki kuwa? A titi?” Ta ce, “Wanda Ya ba ta nonon Yana ganin ta ko a cikin gida. In akwai mai bakin da ya fi ƙarfin Mai bayarwa, ga ta nan, ya ƙafar da ita.” Haka ta riƙa yi kullum, har mata suka fara tsayawa da tulunansu suna leƙa moɗar, wasu kuma suka fara faɗa wa ma'aikacin Likita abin da suka gani a tasu.

A daminar nan Sarauniya ta mutu. Ta kumbura da safe, kafin azahar ta faɗi. Mutanen Likita suka ce cuta ce da ta ratsa yankin, ta kashe shanu a Maruta waɗanda ba wanda ya taɓa ganin ana tatsar su. Amma gari ya riga ya yanke hukunci. Matan da suka fara faɗin gaskiya suka koma ɗaki suka jawo faifai. Baffa ya zo jaje, ya daure, ya daure, daga ƙarshe ya kasa, ya ce, “Na gaya miki.” Ran nan Goggo ba ta ci abinci ba. Na gan ta zaune a turken da ba kowa tana kuka, kuma a rayuwata ban taɓa ganin ta tana yi wa mutum irinsa ba.

Da gari ya waye ta kwanto 'yar Sarauniya ta ja ta zuwa ƙofar gida. Na tare ta a zaure na ce, “Goggo, ko na mako guda ki bari.” Ta ce, “In na koma ciki yau, har jikokin matan garin nan za su ce baki ne. Gara su ƙare duka a idon jama'a. Matsa.” Na matsa. Duk lokacin da na tuna Goggo, wannan safiyar ce ke fara zo mini: idonta a kumbure, amma da ta ɗaga moɗa muryarta ba ta yi rawa ba.

Daga nan ta shiga bin gidaje da sandarta. Inda ƙafa ba ta kaiwa ta hau bayan babur, tana zagin mai tuƙi tun daga Dingaya har Maruta. Takan zauna ta kalli mace tana tatsa, ta ce, “Ba sai kin fito titi kamar mahaukaciya irina ba. Ki yi a ɗakinki, ki rufe da faifai goma in kin so. Amma in mutumin nan ya zo, ki gaya masa abin da moɗa ta ce.” Wasu suka kore ta da ladabi, wasu suka yarda don su rabu da ita, wasu suka yarda don sun ga ta rasa Sarauniya kuma ba ta ja da baya ba. Da haka aikin ya tsaya a yankinmu ba a ɗauke shi ba.

Inna maƙwabciyarmu, wadda aka yi wa saniyarta dariya, ta daina zuwa rijiya da safe don kunya. Sai a zaman makoki na ji abin da ya faru, daga bakinta, tana kuka. Ashe Goggo ta ja karsana ta kai mata har gida ta ce ta riƙe, ɗan fari nata ne. Da Inna ta fara godiya sai ta katse ta: “Ki daina yi wa waccan ƙari, ba ta ma san kina yi ba.” Ta juya ta tafi, ba ta sake tayar da zancen ba, ko a wurina.

Kada wani ya ɗauka Goggo ta zama 'yar amshin shatan mutanen jami'a. Akwai lokacin da suka yi shiru, wata da watanni ba amsa. Baffa ya samu abin faɗa a majalisa: “Sun kwashi gashi sun je sun karɓi digiri, sun bar ku da roba.” Goggo ta sa na kira mata Likita a waya, ta fizge wayar ta riƙe ta nesa da kunne kamar yadda ta saba. “Gashin nawa ne, nonon nawa ne, gwiwar da ta tsuguna tawa ce. Amsar ma tawa ce. Ki kawo mini ita da Hausa a gindin tsamiyar da kika yi alkawari, in ba haka ba in aiko miki da moɗarki.” Likita ta ba da haƙuri, ta ce na'urar ba a ko'ina take ba, sai an aika da gashin nesa an bi layi. Amma ta zo. Daga ran nan ta daina ce mata Inna, ta koma ce mata Goggo kamar mu.

Amsar da ta kawo kuwa ba ta yi wa Goggo daɗi ba. Tana da maraƙin da ta ƙwallafa rai a kansa, jikan Sarauniya, dogo, mai tozo, in yana tafiya sai ka tsaya kallo. Lissafi ya tsallake shi. Cikin duk maruƙan da aka tsinki gashinsu, wanda ya ɗaga sama shi ne Gajere, wani ɗan guntun maraƙinta mai lanƙwasasshen ƙaho ɗaya, wanda ko a garma Baffa ya ce ba ya so. Goggo ta ce, “Wannan? Wannan da in ya shiga ciyawa sai an neme shi?” Likita ta ce, “Goggo, ba zan yi miki rantsuwa ba. Shanun da muka auna ba su da yawa, lissafin da ido ɗaya yake gani. Ya fi zato, amma bai kai tabbas ba. Tabbas sai 'ya'yansa mata sun yi yawa, a gidaje daban-daban, sun haihu an tatsa. Kuma abin da aka tatsa daga gare su shi zai buɗe wa lissafin ɗaya idon, don maruƙan da za su zo baya.”

Goggo ta tashi ta bar wurin ko sallama babu. Ta yi kwanaki tana huci, ko ni ba ta amsa wa gaisuwa da kyau. Sannan wata rana ta aika wa Baffa da jikan Sarauniya ta ce ya turke, ta bar Gajere. Na tambaye ta dalili. Ta ce, “Ni na ce a auna. Ba zan ce a auna ba, sannan in ƙi abin da aka samu don bai yi mini kyau a ido ba.” Har ta koma ga Allah ba ta taɓa son sa ba. Kullum tana zuba masa dusa tana ce masa mummuna. Amma duk wadda ta jawo saniyarta don barbara, daga ko'ina take, ba ta taɓa karɓar ko goro a hannunta ba. Yanzu 'ya'yan Gajere na farko sun zama karsana, wasu da ciki, ba wadda aka tatsa tukuna. In aka kai shi kara, ranar da za a gane na kirki ne ya daɗe da narkewa a tukunyar wani.

Don haka masu cewa baki ne, ku ji da kyau. Goggo tsufa ne ya kwantar da ita, kwananta ya ƙare, kamar yadda naku zai ƙare ko kun rufe ƙwarya ko ba ku rufe ba. Ba na cewa lissafin ya yi daidai, ita ma ba ta ce ba, mai lissafin ma ba ta ce ba. Abin da ta ƙi shi ne a ci gaba da kiwo a cikin duhu don tsoron idon maƙwabci. Wannan ƙin nata nake so a tuna, ba a lulluɓe shi da “mace ce mai alheri” a wuce ba.

A asibiti a Birnin Kudu ta yi wasiyyar, wata rana bayan la'asar. Ni ina tsaye, Baffa na zaune a bakin gado. Ta faɗi maganar Gajere dalla-dalla, ta maimaita, ta ce, “Kun ji?” Na ce na ji. Baffa ya sunkuyar da kai. Sai ta ce in je in samo mata kunu mai zafi. Da na dawo na tarar da Baffa na kallon bango. Ba ta sha kunun ba, kuma ba ta ƙara wata doguwar magana ba har Allah Ya karɓi abinSa.

Bayan arba'in Liman ya zo rabon gado. Muka zauna a zaure, ni da Baffa da 'yar Goggo daga bakin ƙofa, da dattawa biyu-uku. Matan da ba a gayyata ba suka cika tsakar gida, ana jin motsinsu ta bayan labule. Ni ba magaji ba ne, ba ni da ko igiya a cikin dukiyar, don haka na faɗi abin da na ji ba tare da tsoron a ce kwaɗayi ne ba. Liman ya ce wasiyya in ba ta wuce sulusin dukiya ba tana tsayawa, kuma bijimi ɗaya bai kai ba, amma bakina ni kaɗai bai isa ba, sai an sami na biyu ko magada sun amince. Ya juya ga 'yar Goggo. Ta ce, “Malam, ni ban nan. Abin da Kawu ya ce shi ke nan.” Ya juya ga Baffa.

Baffa ya hau murza carbi. Ya yi ta murzawa har haƙurina ya ƙare, na ce, “Baffa, ka ji tsoron Allah!” Liman ya ɗaga mini hannu, wani dattijo ya ce in san da wa nake magana. Na riga na ga Gajere a bayan mota.

Can sai Baffa ya ce, bai ɗago kai ba, “Na ji. Duk abin da yaron nan ya faɗa, ta faɗa. Akwai ma wanda bai ji ba.” Ya ajiye carbin. “Da ta aike shi neman kunu, sai ta kama hannuna ta ce, ‘Kai za ka riƙe shi. Kaf garin nan ba wanda ya iya ciyar da sa kamarka. Abin da ba ka iya ba shi ne barin sa ya rayu, to ka koya.’”

Ya dubi Liman. “Malam, ni har gobe ban yarda da gashin jelarsu ba. Na so in yi shiru a kai shi kara in huta. In ya zauna a turkena, kullum na fito da safe ita zan gani. Tun ina rarrafe take juya ni, ta mutu ma ba ta ƙyale ni ba.” Ya ja bakin rawani ya rufe fuska, dattijon da ko a maƙabarta bai zubar da hawaye ba.

Bai jira an shafa fatiha ba. Ya miƙe ya ratsa cikin matan, suka dare masa, ya je turke ya kwance Gajere. Bijimin ya kafe ya ƙi tafiya, Baffa na ja yana ja, har takalmin Baffa ya fita. Na ruga na kama igiyar don in taimaka masa. Ya juyo da jajayen idanu ya ce, “Sakar mini igiya. Ba kai ta bar wa ba.”

Na saki.

Allah Ya jiƙanki, Goggo. Ya yafe miki zafin harshe, Ya cika miki awo da rahamarSa har ya zuba, Ya kuma ba Baffa haƙurin riƙon da kika ɗora masa.